Janar Sani Abacha: Rayuwarsa, mulkinsa da mutuwar fuju'ar da har yau ake gardama a kanta

Da hantsin ranar Litinin 8 ga watan Yunin 1998, manyan hafsoshin sojan Najeriya suka taru a fadar Aso Rock da ke Abuja bisa kiran gaggawa, yawancinsu ba su san abin da ya sa aka kira su ba. Kafin rana ta faɗi labari ya game duniya cewa shugaban mulkin soja, Janar Sani Abacha, ya rasu yana da shekara 54. A ranar aka ɗauki gawarsa a jirgi zuwa Kano, aka yi masa sallah, aka binne shi.

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne, kwana ɗaya kafin nan an gan shi tsaye da ƙafafunsa a filin jirgin saman Abuja yana tarbar shugaban Falasɗinawa, Yasser Arafat. Gwamnati ta ce bugun zuciya ne ya yi ajalinsa. Jama'a da dama ba su gamsu ba, kuma har gobe idan aka tayar da zancen a majalisar shayi sai an rabu gida biyu.

Waɗanda suka yi wayo a lokacin suna tuna yadda labarin ya riske su ta rediyo, daga Kano da Katsina har ƙetaren iyaka a Maraɗi da Gidan Rumji da Agiye da Gazawa, inda harkar kasuwa ke tafiya da farashin naira da man fetur ɗin Najeriya. Matasan yau kuwa yawanci sun san sunansa ne ta labarin kuɗaɗen da ake dawowa da su daga bankunan Turai, ko ta filin wasan Ƙofar Mata da ke ɗauke da sunansa.

Tasowarsa a Kano

An haifi Sani Abacha a birnin Kano ranar 20 ga watan Satumbar 1943. Iyayensa Barebari ne da asalinsu ya fito daga Borno, amma a Kano ya tashi, da Hausar Kano ya buɗe baki, kuma Bakano ya ɗauki kansa har ƙarshen rayuwarsa.

Ya yi firamare a cikin birni, sannan ya shiga makarantar sakandare ta lardi, wadda yanzu ake kira Kwalejin Rumfa, ya kammala a 1962. A lokacin gwamnatin Sardauna na ƙarfafa wa samarin Arewa gwiwa su shiga aikin soja, domin a cike giɓin da ke tsakanin Arewa da Kudu a sahun hafsoshi. Abacha na cikin waɗanda suka amsa kiran. Ya samu horo a kwalejin horar da sojoji ta Kaduna, ya wuce makarantar hafsoshi ta Mons da ke Aldershot a Ingila, aka ba shi muƙamin ƙaramin laftanar a 1963.

A 1965 ya auri Maryam, wadda ta zama matarsa ɗaya tilo, suka haifi 'ya'ya goma, maza bakwai da mata uku.

Shekara uku da shigarsa aiki ƙasa ta rikice. Bayan kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa a watan Janairun 1966, Abacha na cikin ƙananan hafsoshin Arewa da suka shiga juyin mulkin ramuwar gayya na watan Yuli. Ya yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 a ɓangaren sojojin tarayya. Bayan yaƙi ya ci gaba da hawa matakan aiki ɗaya bayan ɗaya, ya yi kwas a Jaji da Kuru, ya zama birgediya a 1980.

Waɗanda suka yi aiki da shi sun san shi da ƙarancin magana da zurfin ciki. Baƙin tabaran da yake yawan sakawa ya ƙara wa wannan siffa armashi, har ya zama alamar da ake gane shi da ita.

Muryar da ke sanar da juyin mulki

Talakan Najeriya bai san wani Sani Abacha ba sai safiyar 31 ga watan Disambar 1983. A ranar ce muryarsa ta fito a rediyo tana sanar da cewa sojoji sun kifar da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, wata uku kacal da rantsar da shi a wa'adi na biyu. Manjo Janar Muhammadu Buhari ya zama shugaban ƙasa, aka ba Abacha jagorancin runduna ta biyu da ke Ibadan da kujera a majalisar ƙoli ta soja.

Wata ashirin bayan haka, ranar 27 ga watan Agustan 1985, ana cikin hutun babbar sallah kuma mataimakin Buhari, Tunde Idiagbon, na ƙasar Saudiyya, sai aka sake juyawa. Abacha ne ya fito ya sanar da Janar Ibrahim Babangida a matsayin sabon shugaba. Ladansa shi ne muƙamin babban hafsan sojan ƙasa, wanda ya riƙe har 1990.

Ranar da ta ɗaure Babangida da Abacha tamau ita ce 22 ga watan Afrilun 1990. Wasu ƙananan hafsoshi ƙarƙashin Manjo Gideon Orkar suka afka wa barikin Dodan a Legas, suka kashe dogarin Babangida, Laftanar Kanar U.K. Bello, suka kuma sanar a rediyo cewa sun cire jihohin Sakkwato, Kano, Katsina, Borno da Bauchi daga Najeriya. Abacha ya tattara sojojin da ke biyayya ga gwamnati suka murƙushe yunƙurin, kuma shi ya fito ya shaida wa ƙasa cewa an shawo kan lamarin. A shekarar ya zama ministan tsaro, ya kuma kai muƙamin cikakken janar, hafsa na farko a Najeriya da ya kai wannan matsayi ba tare da ya tsallake ko mataki ɗaya ba.

Yadda ya hau kujera

Soke zaɓen 12 ga watan Yunin 1993, wanda alamu suka nuna Moshood Abiola ne ya lashe, ya jefa ƙasar cikin ruɗani. Babangida ya sauka ranar 26 ga watan Agusta, ya miƙa mulki ga gwamnatin riƙon ƙwarya ta Ernest Shonekan. Ya yi wa manyan hafsoshi ritaya tare da shi, amma ya bar Abacha a kan kujerar tsaro.

Gwamnatin Shonekan ba ta kai wata uku ba. Ranar 10 ga watan Nuwamba wata babbar kotu a Legas ta ce haramtacciya ce, ga yajin aiki kan ƙarin kuɗin mai. Ranar 17 ga wata Shonekan ya ajiye aiki, Abacha ya karɓa. Nan take ya rushe majalisun dokoki da jam'iyyun SDP da NRC, ya maye gurbin zaɓaɓɓun gwamnoni da sojoji.

Da farko ya jawo manyan 'yan siyasa jikinsa. Babagana Kingibe, wanda ya yi wa Abiola takarar mataimaki, ya zama ministan harkokin waje. Abubakar Rimi, Lateef Jakande da Solomon Lar duk sun karɓi minista. Wasu magoya bayan Abiola sun yi zaton Abacha zai riƙe kujerar ne na ɗan lokaci ya miƙa wa gwaninsu. Da suka ga ba haka ba ne, sai aka kafa ƙungiyar adawa ta NADECO a watan Mayun 1994. Ranar 11 ga watan Yuni Abiola ya ayyana kansa shugaban ƙasa a Legas, aka kama shi bayan kwana goma sha biyu, kuma bai sake shaƙar iskar 'yanci ba.

Abin da masoyansa ke lissafawa

A Arewa har yau akwai masu yabon zamanin Abacha, kuma suna da hujjojin da suke kafawa. Bayan an kai farashin litar fetur naira 11 a ƙarshen 1994, ya kafa asusun PTF da rarar kuɗin, ya ɗora Buhari a kai. Asusun ya gyara hanyoyi, ya kai magunguna asibitocin gwamnati, ya samar da kayan karatu da ruwan sha a garuruwa da yawa.

Hauhawar farashi, wadda ta haura kashi 70 cikin 100 a 1995, ta sauko ƙasa da kashi 10 a 1997. An kafa kotuna na musamman da suka gurfanar da shugabannin bankunan da suka durƙushe da manyan masu cin bashi. Ranar 1 ga watan Oktoban 1996 ya ƙirƙiro jihohin Zamfara, Gombe, Nasarawa, Bayelsa, Ebonyi da Ekiti, adadin jihohi ya kai 36, ƙananan hukumomi suka kai 774, tsarin da ake kai har yanzu. Daga taron tsarin mulki na 1994 zuwa 1995 ne batun raba ƙasa shiyya shida ya samu gindin zama. Asibitin ƙasa na Abuja kuwa ya samo asali ne daga shirin tallafa wa iyali na uwargidansa Maryam.

A zamaninsa ne kuma 'yan ƙwallon Najeriya suka ɗauki kofin Afirka a 1994 da lambar zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996.

Abin da masu suka ba su manta ba

Ɗaya ɓangaren labarin yana da nauyi. A watan Maris na 1995 gwamnati ta ce ta gano shirin juyin mulki, aka ɗaure tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo da tsohon mataimakinsa Shehu Musa 'Yar'aduwa, tare da 'yan jarida da masu fafutuka, cikinsu har da Shehu Sani. 'Yar'aduwa ya rasu yana tsare a kurkukun Abakaliki ranar 8 ga watan Disambar 1997, mutuwar da ta yi wa Katsinawa ciwo ƙwarai.

Ranar 10 ga watan Nuwambar 1995 aka rataye marubuci Ken Saro-Wiwa da wasu 'yan ƙabilar Ogoni takwas a Fatakwal, bayan wata kotu ta musamman ta same su da laifi kan kisan wasu dattawan Ogoni huɗu, shari'ar da duniya ta yi tir da yadda aka gudanar da ita. Washegari ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ta dakatar da Najeriya. Tsamin dangantaka da Nelson Mandela ya sa Najeriya ta ƙi zuwa kare kofinta a Afirka ta Kudu a 1996.

A watan Afrilun 1996 aka tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi aka naɗa Muhammadu Macciɗo. Ranar 4 ga watan Yunin shekarar aka harbe Kudirat, matar Abiola, a kan titi a Legas. Wole Soyinka ya tsere daga ƙasar. An rufe jaridu, an tsare shugabannin ƙwadago, ga dogayen layukan mai a ƙasar da ke haƙo shi.

Shi kansa gidan Abacha bai tsira daga rashi ba. A watan Janairun 1996 babban ɗansa Ibrahim ya rasu a haɗarin jirgin sama dab da Kano.

Tsakaninsa da maƙwabta

Yayin da Turai da Amurka suka juya masa baya, Abacha ya mayar da hankali kan Afirka ta Yamma, ya shugabanci ƙungiyar ECOWAS daga 1996 zuwa rasuwarsa. Dakarun ECOMOG, waɗanda mafi yawansu 'yan Najeriya ne, sun tsare Laberiya har aka yi zaɓen 1997. A watan Fabrairun 1998 suka kori sojojin da suka ƙwace mulki a Saliyo, aka mayar da zaɓaɓɓen shugaba Ahmad Tejan Kabbah ranar 10 ga watan Maris. Akwai titi mai sunan Abacha a birnin Freetown. Masu suka sun riƙa yi masa shaguɓe cewa yana kai wa maƙwabta dimokuraɗiyyar da ya hana mutanen gidansa.

A Nijar, lokacin da Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya kifar da gwamnatin Mahamane Ousmane ranar 27 ga watan Janairun 1996, ƙasashen Yamma suka janye tallafi, Abuja na cikin wuraren da ya samu mafaka ta siyasa. Wata goma bayan rasuwar Abacha, ranar 9 ga watan Afrilun 1999, dogaran Ba'are suka harbe shi a filin jirgin saman Yamai.

Tazarce

Abacha ya yi alƙawarin miƙa mulki ranar 1 ga watan Oktoban 1998, aka yi wa jam'iyyu biyar rajista. Amma tun ana saura shekara guda take-taken na kusa da shi suka nuna inda aka dosa. A wannan lokaci ne kalmar tazarce ta shiga bakin kowa, har ta zama sunan wani ɗinkin riga.

Ranar 21 ga watan Disambar 1997 aka kama mataimakinsa, Laftanar Janar Oladipo Diya, bisa zargin shirya juyin mulki, daga baya aka yanke masa hukuncin kisa. A watan Maris na 1998 aka yi gangamin da aka kira na mutum miliyan biyu a Abuja, ana roƙon Abacha ya tsaya takara. A watan Afrilu jam'iyyun nan biyar duka suka tsayar da shi ɗan takararsu. Wasu 'yan siyasar Arewa su 18 suka rubuta masa wasiƙar gargaɗi, aka tsare Abubakar Rimi da Sule Lamiɗo. Daga nan ƙungiyar ta faɗaɗa zuwa mutum 34 ƙarƙashin Alex Ekwueme, waɗanda daga baya suka zama ginshiƙin jam'iyyar PDP.

An tsayar da 1 ga watan Agusta ranar zaɓen shugaban ƙasa. Saura ƙasa da wata biyu ajali ya riske shi, ba tare da ya fito da bakinsa ya ce zai tsaya ko ba zai tsaya ba.

Safiyar ƙarshe

Likitansa, Farfesa Sadiq Suleiman Wali, ya ba da labarin safiyar a wata hira da BBC shekaru bayan haka. Ya ce an kira shi da sassafe, ya tarar da shugaban ba ya cikin hayyacinsa, suka shafe kusan minti 40 suna ƙoƙarin farfaɗo da shi kafin su haƙura. Ya ɗebi jini da wasu samfura domin gwaji, sakamakon ya nuna alamun da ake gani idan tsokar zuciya ta samu rauni. Iyali ba su amince a yi binciken gawa ba, aka gaggauta jana'iza kamar yadda aka saba a ƙasar Musulmi. Cikin dare aka rantsar da Janar Abdulsalami Abubakar.

Rashin binciken ya buɗe ƙofar jita-jita. Wasu suka ce guba aka ba shi a tuffa, labarin da babban jami'in tsaronsa, Manjo Hamza Al-Mustapha, ya sha musantawa. Wasu suka ce hannun ƙasashen waje ne, wasu suka ce na cikin gida ne. Jaridu kuma sun daɗe suna raɗe-raɗin cewa ba shi da cikakkiyar lafiya, ganin yadda ya rage fitowa bainar jama'a.

Wata guda bayan haka, ranar 7 ga watan Yuli, Abiola ya yanke jiki ya faɗi a Abuja yana tsakiyar ganawa da jami'an Amurka Thomas Pickering da Susan Rice, ana dab da sakinsa. Ya rasu yana da shekara 60. A nan an yi binciken gawa, aka gayyato ƙwararru daga Kanada da Birtaniya da Amurka. Sun gano zuciyarsa ta kumbura saboda daɗaɗɗen hawan jini, jijiyoyin da ke ba ta jini kuma sun tsuke sosai, suka ce ciwon zuciya ne ya kashe shi. Ko da wannan sakamako, wasu danginsa da magoya bayansa sun ci gaba da zargin kofin shayin da aka ba shi a wurin ganawar.

Abin da ke kayar da mutum farat ɗaya

Dalilin da ya sa ake saurin zargin guba ko sammu shi ne, mutane na ganin ciwo sai ya kwantar da mutum kafin ya kashe shi. Likitocin zuciya sun san cututtuka da dama da ba sa sallama.

Zuciya tsoka ce, tana da nata ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da ita da jini. A mafi yawan mazan da suka haura shekara 40, matsalar kan fara ne da kitse da ke taruwa a bangon jijiyar tsawon shekaru, hawan jini da ciwon suga da shan taba na ƙara masa gudu. Wata rana dasƙararren kitsen ya fashe, jini ya yi guda a wurin, hanya ta toshe. Tsokar da ta rasa jini na iya rikita bugun zuciya, ta koma karkarwa ba ta tura jini. Cikin daƙiƙu mutum ya sume, kuma ƙwaƙwalwa na fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida.

Akwai kuma tsagewar jijiya. Bangon jijiyar jini hawa uku ne. Idan hawan ciki ya yage, ko jini ya tsiyaya a tsakiyar bangon, sai ya ratsa tsakanin hawa da hawa ya taru, ya matse hanyar daga gefe. Idan hakan ya faru a jijiyar da ke ciyar da zuciya ba tare da rauni ko kitse ba, likitoci na kiransa SCAD a taƙaice. Wani likita mai suna Harold Pretty ne ya fara bayyana shi a 1931, bayan binciken gawar wata mata mai shekara 42 da ta mutu kwatsam.

Kusan tara cikin goma na masu kamuwa da shi mata ne, galibi 'yan shekara 40 zuwa 50 da 'yan kai, da yawansu ba su da ƙiba ko suga ko wata alama. Shi ne kan gaba wajen haddasa bugun zuciya ga mai ciki da mai jego, musamman a watan farko bayan haihuwa, lokacin da sauyin sinadaran jiki ke sa bangon jijiya ya yi laushi. Sauran abubuwan da ake dangantawa da shi sun haɗa da wata lalura da ke sa bangon jijiyoyi ya girma ba daidai ba, cututtukan gado irin su Marfan da ke raunana naman da ke riƙe sassan jiki, tashin hankali mai tsanani kamar rasuwar makusanci, da yunƙuri mai ƙarfi kamar ɗaga kaya mai nauyi ko amai mai yawa. Idan an gano shi da wuri, yawanci jijiyar na warkewa da kanta cikin makonni da magani da kulawar asibiti.

Tsagewa ta biyu tana faruwa ne a babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya zuwa jiki, wadda ake kira aorta. Wannan ta fi kama maza masu hawan jinin da ba a kula da shi ba. Takan zo da azababben ciwon ƙirji ko na gadon baya kamar ana yaga mutum, kuma idan kusa da zuciya ne, haɗarin mutuwa na ƙaruwa da kowace awa har sai an yi tiyata. Ita ce ta kashe Sarkin Ingila George na Biyu da safiyar 25 ga watan Oktoban 1760, kuma an san haka ne saboda likitansa ya buɗe gawar ya rubuta abin da ya gani. Ita ce kuma ta kashe Flo Hyman, fitacciyar 'yar wasan ƙwallon raga ta Amurka, ana tsakiyar wasa a Japan a 1986 tana da shekara 31. Binciken gawarta ya nuna tana da cutar Marfan ba ta sani ba, abin da ya sa aka duba 'yan uwanta.

Gwajin jini irin wanda aka yi wa Abacha na nuna cewa zuciya ta ji rauni, amma ba ya bambance toshewa da tsagewa ko wani sanadi. Hoton jijiyoyi ga mai rai, ko binciken gawa ga mamaci, su ke raba wannan gardama.

Ƙasar Hausa tana da nata tarihin a wannan fage. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, suka ba da rahoton yawan gazawar zuciya ga masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Binciken da aka yi daga baya a Yamai da Kano ya ƙara nuni ga ƙarancin sinadarin seleniyom da rashin abinci mai gina jiki. Wannan ciwo daban yake da tsagewar jijiya, amma dukansu masu jego suke kamawa. A yanki irin jihar Maraɗi, wadda ke cikin wuraren da aka fi yawan haihuwa a duniya, mai jegon da ta yi kukan ciwon ƙirji, haki, zufa mai sanyi ko kumburin ƙafa, asibiti ya kamata a nufa da ita a lokacin, kada a ce gajiyar haihuwa ce a jira gari ya waye.

Ga sauran jama'a, awon jini shi ne mataki mafi arha. Duk wanda awonsa ke kaiwa 140 bisa 90 a kai a kai yana buƙatar ganin likita ko da yana jin garau, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu hawan jini ba su san suna da shi ba. Gidan da aka taɓa samun wanda ya faɗi ya mutu da ƙuruciyarsa, ya kamata 'yan uwa su faɗa wa likita a duba su. 'Yan ci-rani da ke aika kuɗi gida na iya haɗawa da na'urar awon jini.

Bayan rasuwarsa

Abdulsalami ya saki fursunonin siyasa, ya soke jam'iyyun biyar, ya miƙa mulki ranar 29 ga watan Mayun 1999 ga Obasanjo, mutumin da Abacha ya ɗaure. Al-Mustapha ya shafe kusan shekara 15 a tsare, aka yanke masa hukuncin kisa a 2012 kan kisan Kudirat, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi a 2013.

Sai batun dukiya. Ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta a 2004 cewa an fitar da dala biliyan biyu zuwa biyar daga baitulmali a zamaninsa. Suwizalan ta dawo da ɗaruruwan miliyoyin daloli a zamanin Obasanjo, ta ƙara da kimanin dala miliyan 321 a zamanin Buhari, waɗanda aka ce an raba wa talakawa. A 2020 aka karɓo kimanin dala miliyan 311 daga tsibirin Jersey da Amurka, aka ware su ga hanyar Abuja zuwa Kano, hanyar Legas zuwa Ibadan da gada ta biyu a kan kogin Neja. Iyalinsa da wasu na kusa da shi sun dage cewa ajiya ya yi wa ƙasa saboda takunkumi, kotunan ƙasashen da aka samu kuɗin kuwa sun ɗauke su a matsayin na sata. A 2014 gwamnatin Goodluck Jonathan ta saka shi cikin waɗanda ta karrama a bikin cikar Najeriya shekara 100, Soyinka ya ƙi karɓar tasa lambar saboda haka.

Abacha ya yi shekara huɗu da kusan wata bakwai a kan mulki. Ya rasu ya bar matarsa Maryam da 'ya'ya tara, kuma kabarinsa na Kano.